Wanda Zai Sayi Injin Kwance Noti, Ya Fara Duba Batirinsa

A garejojin kanikawa da rumfunan masu faci, daga Apo ta Abuja zuwa Panteka ta Kaduna da Suame ta Kumasi, wil-sufana da dogon bututun da ake zura mata don ƙara ƙarfi suna nan daram, amma injin kwance noti mai batir ya fara raba musu aiki. Notin da yaron gareji zai hau kan sufana ya yi ta tsalle kafin ya motsa, wannan injin kan kwance shi cikin 'yan daƙiƙoƙi, babu jan igiyar wuta, babu tayar da janareta, babu jiran tankin iska ya cika. Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, duk wani kayan aiki da zai rage awannin da janareta ke yi a kunne ya ƙara daraja a idon mai sana'a. Sai dai tambayar da akasarin masu saye ke shiga kasuwa da ita, wato wane kamfani ya fi, Makita ko DeWalt, Milwaukee ko Bosch, ko kuwa Ingco da Total masu sauƙin kuɗi, tambaya ce da aka fara ta daga wutsiya. Abin da mutum ke saye a zahiri tsarin batir ne, injin kuwa ɗaya ne kawai daga cikin kayan da za su ci daga wannan batirin. Wanda ya gane haka zai fara da tambayar inda zai samu batir na asali nan da shekara uku ko huɗu, sannan ya waiwayi launin injin da lambobin da ke jikin kwalinsa.

Dalili na farko yana cikin injin kansa. Ba ya murɗa noti da ƙarfi guda mai ɗorewa irin na hannun mutum. A cikinsa akwai wata guduma mai juyawa wadda sifirin ke riƙe da ita. Idan noti ya ƙi motsi, sai gudumar ta ja baya, ta kuɓuce, ta doki ƙarfen da ke riƙe da soket, ta sake maimaitawa, sau 2,000 zuwa 3,000 ko fiye a minti ɗaya. Wannan bugun ne ke karya tsatsa, shi ne kuma ya sa injin ba ya murɗe wa mai riƙe da shi wuyan hannu. Amma kowane bugu wuta ce da ake zuƙowa daga batir, kuma lokacin da noti ya yi taurin kai zuƙar takan yi tsanani ƙwarai. Idan batirin ba zai iya sakin wutar da sauri ba, ƙarfinsa ya faɗi, bugun gudumar ya yi sanyi, sai ka ji injin yana ta ƙara, noti ko gezau. Saboda haka inji ɗaya tak zai iya yin aikin a zo a gani da batir mai kyau, ya kuma ba da kunya da ƙaramin batir ko na jabu. Lambobin ƙarfin da kamfanoni ke bugawa a kwali, da batura masu ƙwari suke samun su, ba da ɗan ƙaramin da suke sakawa cikin kunshin mai araha ba.

Dalili na biyu na kasuwa ne. Babu wata doka ko yarjejeniya ta duniya da ta tilasta wa masu ƙera kayan aiki su yi wa baturansu baki iri ɗaya. Makita, kamfanin Japan da aka kafa a Nagoya a 1915, yana da tsarinsa mai suna LXT tun 2005. Milwaukee na Amurka, wanda kamfanin Techtronic na Hong Kong ya mallaka tun 2005, yana da M18 tun 2008. DeWalt, na rukunin Stanley Black & Decker, ya fito da 20V MAX a 2011. Ƙarfin wutar dukkansu ɗaya ne, ƙwayoyin da ke cikin baturan ma sau da yawa daga masana'antu kaɗan suke fitowa, irin su Samsung da LG da Murata da Panasonic, amma batirin wannan ba ya shiga injin wancan, cajar wannan ba ta karɓar batirin wancan. Da gangan aka yi haka. Kamfani ya san cewa wanda ya riga ya mallaki batura biyu da caja, duk ranar da ya tashi sayen injin huda ko giranda ko fitila ko abin hura taya, gidan da batirinsa ya fito zai koma, domin a can ne zai sayi gangar jikin kawai ba tare da ya sake biyan kuɗin batir ba. Shi ya sa kowanne daga cikin manyan nan ke tallata cewa batirinsa guda yana tafiyar da kayan aiki fiye da 200. Sannan batir abu ne mai ƙarewa. Kowane caji yana rage masa kwana, ko a ajiye yake ma yana tsufa, alhali inji mai kyau da aka kula da shi zai iya ganin bayan batura zubi biyu ko uku. Batura biyu masu nauyi da caja kuwa, sau da yawa kuɗinsu ya kai ko ya wuce na gangar injin. Idan aka haɗa lissafin shekaru, mafi yawan kuɗin mai sana'a a batir yake ƙarewa, don haka bai dace a ce shi ne abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi wajen zaɓe ba.

Ya kamata mai saye ya san abin da ke cikin wannan baƙin akwatin roba, domin a nan ne aka fi cutar mutane. Batirin kayan aiki tarin ƙananan ƙwayoyi ne na lithium, kowace tana ba da 3.6V a aikinta na yau da kullum, ta kai 4V da 'yan kai idan ta cika fal. Idan aka jera biyar, sai a samu 18V. Idan aka auna su nan take bayan caji, kafin a ɗora musu nauyi, sai a ga 20V. Abu ɗaya ne ake kira da suna biyu, kuma hujja mafi ƙarfi ita ce DeWalt da kansa: tsarin da yake sayarwa a Amurka da sunan 20V MAX, shi yake sayarwa a Turai da sunan 18V XR. Duk mai shagon da ya ce wa mutum ya ƙara kuɗi domin 20 ta fi 18, ko dai bai sani ba ko kuma yana son ya ci da rashin sanin mai saye. Lamba ta biyu, wadda ake rubuta Ah a gabanta, ita ce ke nuna yawan wutar da batirin ke ɗauka. Batir mai 2.0Ah layi ɗaya ne na ƙwayoyi biyar, mai 5.0Ah kuwa galibi layi biyu ne, ƙwayoyi goma. Amfanin layi biyun bai tsaya a daɗewa ba. Nauyin zuƙar wuta yana rabuwa tsakaninsu, sai ƙarfin ya tsaya da kyau, zafi kuma ya ragu, wanda shi ne ainihin abin da injin kwance noti ke bukata. In ana son a kwatanta batura biyu da gaskiya, sai a ninka lambobin biyu: 18 sau 5 ya ba da 90Wh. Batirin Makita na tsarin XGT da aka rubuta wa 40V da 2.5Ah, asalinsa 36V ne, kuma 36 sau 2.5 shi ma 90Wh ne, ƙwayoyi goma ne aka jera su wata jera daban. Wannan ɗan lissafin ya isa ya tona asirin jabun kaya. Ƙwayar da aka fi amfani da ita, mai lamba 18650, faɗinta milimita 18 ne, tsawonta 65, kuma mafi ɗaukar wuta a cikin irinta da ƙyar take wuce 3.5Ah, waɗanda ake sakawa a kayan aiki kuwa galibi tsakanin 2 ne zuwa 3. To ina ɗan akwatin da ba zai ɗauki irin waɗannan ƙwayoyi fiye da goma ba zai samo 9.0Ah? Haka nan injinan da ake gani an rubuta musu 88V ko 128V a kan batir mai girman tafin hannu: kafin a kai 88V sai an jera ƙwayoyi fiye da 20. Batirin 5.0Ah na asali nauyinsa ya haura rabin kilo, don haka hannu ma kaɗai yana iya ba da shaida.

Mai ƙin wannan ra'ayi zai ce ai ba batir ne ke taɓa noti ba, kuma bakanike ƙarfi yake nema, saboda haka a sayi wanda ya fi ƙarfi a wuce wurin. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma lambobin ƙarfin suna bukatar a karanta su da hankali. Kowane inji yana da lamba biyu, ta ɗaurewa da ta kwancewa, kuma ta kwancewar, wadda ta fi girma, ita ake bugawa da manyan haruffa. Makita DTW700 yana ɗaurewa da 700Nm, yana kwancewa da 1,000Nm. Babban wansa DTW1002 yana da 1,000 da 1,600. DeWalt DCF899 yana da 950 da 1,625. Milwaukee 2767 kuwa da ma'aunin Amurka ake rubuta nasa, 1,000 da 1,400, waɗanda idan aka mayar da su ma'aunin Nm suka zama kimanin 1,350 da 1,900, domin kowane ɗaya na ma'aunin Amurka daidai yake da kimanin 1.36Nm. Wanda bai lura da wannan ba zai kwatanta abubuwan da ba su da ma'auni ɗaya. Bugu da ƙari kowane kamfani da irin notin da yake gwaji a kai da tsawon lokacin da yake barin injin yana bugu, don haka bambancin 50 ko 100 tsakanin kwali biyu ba abin da za a gina hukunci a kai ba ne. Sannan a dubi aikin kansa. Notin tayar Toyota Corolla da 103Nm ake ɗaure shi, na mafi yawan ƙananan motoci kuma tsakanin 100 ne zuwa 140. Ko da tsatsa da ɗaurin ganganci na wanda ya taɓa shi a baya sun ninka wannan sau uku, inji matsakaici mai bakin rabin inci zai kwance shi ba tare da ya wahala ba. Manyan masu 1,600 zuwa sama aikinsu notin fulin inji ne, da na tsakiyar shaf, da ƙafafun manyan motoci, kuma nauyinsu ya haura kilo 3, ba sa shiga lungunan ƙarƙashin mota, suna gajiyar da hannu kafin azahar. Tayar tirela da tanka, wadda ake ɗaure notinta da kimanin 600Nm ko fiye, tana bukatar mai bakin inci uku bisa huɗu ko inci ɗaya. Abin da ke raba injinan nan ke nan, ajinsu, kuma a kowane aji manyan kamfanonin suna da inji kusan kai ɗaya, wannan ya wuce wancan bana, baɗi wancan ya rama. Wanda ya zaɓi kamfani saboda ya fi na kusa da shi da 'yar lamba a yau, ya ɗaure kansa na shekaru a kan fifikon da ba zai kai shekara biyu ba.

Akwai ma wata illa a cikin wannan son ƙarfi wadda ta wuce asarar kuɗi. Mai facin da ya ɗora injin 1,000Nm a kan notin da ke bukatar 110, ya bar shi yana bugu har ya gaji, yana miƙar da sandar notin ne fiye da ƙa'idarta. Sandar ba za ta karye a gabansa ba. A kan hanya za ta karye, mota ɗauke da mutane. Ko ba ta karye ba, direban da tayarsa ta fashe a daji ba zai iya kwance notin da wil-sufanar da ke but ɗinsa ba. Injin nan na kwancewa ne da kusanto da noti, ɗaurin ƙarshe kuwa aikin sufana mai awo ne. Ita ma, tare da baƙaƙen soket da aka yi musamman don jure bugu, dole su shiga lissafin kuɗin tun farko, domin farar soket mai ƙyalli ta aikin hannu tana iya tarwatsewa a bakin inji ta ji wa mutum ciwo a ido.

Tunda batir ne jigon al'amarin, sai a tambayi tarihin kowane kamfani game da riƙon alkawari, domin tsarin da aka daina yi shi ne babban bala'in mai kayan aiki. DeWalt ya shafe shekaru yana sayar da tsohon batirinsa na 18V mai dogon wuya da ake cusawa cikin mariƙin inji, sai a 2011 ya koma mai zamewa, tsofaffin kayan suka zama marayu har sai da ya fito da mahaɗin da ke ba su damar cin sabon batir. Amma da ya kawo FlexVolt a 2016, ya yi shi yadda zai yi aiki a kayan 20V na da. Milwaukee ya fara da V28 a 2005 da kuma V18, ya bar su ya kama M18, kuma tun daga 2008 bai sauya bakin ba, sabon batir yana shiga tsohon inji. Makita ya riƙe LXT tun 2005, sai dai XGT da ya ƙaddamar a 2019 wani gida ne daban, batirin ɗaya ba ya shiga injin ɗayan duk da suna ɗaya ne a jikinsu. Bosch na Jamus ma gida biyu ne: shuɗin kaya na ƙwararru da koren kaya na aikin gida, dukkansu 18V, amma baturansu ba sa musanya. Ryobi, wanda shi ma Techtronic ke ƙera kayan aikinsa, ya riƙe bakin batirinsa na 18V tun 1996. Darasin da ke cikin wannan shi ne sunan kamfani kaɗai bai isa ba, sai an tambayi sunan tsarin. Kuma tsarin da ya daɗe, ya yaɗu, miliyoyin mutane suna riƙe da kayansa, shi ne wanda kamfani ba zai iya yasarwa cikin dare ɗaya ba. A yau wannan siffar ta fi dacewa da tsare-tsaren 18V.

Wasu kamfanonin Turai sun fara haɗa kai. Metabo ya jagoranci ƙawancen CAS a 2018, inda kamfanoni da dama ke amfani da batir ɗaya. Bosch ya buɗe Power for All a 2020 don koren kayansa, da AMPShare a 2022 don shuɗin, tare da irin su Fein da Rothenberger. Tarayyar Turai ta tilasta caja iri ɗaya, USB-C, ga wayoyin hannu tun ƙarshen Disambar 2024, amma dokarta ta batura ta 2023 ba ta tilasta wa kayan aiki baki ɗaya ba, kuma Makita da DeWalt da Milwaukee babu wanda ya shiga wani ƙawance a cikinsu. Bai kamata mai saye ya yi lissafi da ranar da za a haɗe tsare-tsaren nan ba.

Sai wani ya ce ai an gama da wannan matsala, tunda ana sayar da 'yan mahaɗan roba masu arha da ke ba batirin Makita damar shiga injin DeWalt, ko na Milwaukee ya shiga na Makita. Gaskiya ne suna aiki, kuma ga fitila ko abin hura iska ba su da wata babbar illa. Amma batir da inji na gida ɗaya ba wuta kaɗai ke ratsa tsakaninsu ba. Akwai ƙananan ƙafafu a bakin batirin da ke ɗauke da labarin zafinsa da matakin cajinsa, kuma a wasu tsare-tsaren inji ne ke da alhakin yanke wuta idan batir ya kusa ƙarewa ko ya yi zafi, a wasu kuma batirin ne. Mafi yawan mahaɗan nan layi biyu kawai suke haɗawa, su bar sauran. Idan aka yi rashin sa'a aka haɗa batirin da ke jiran inji ya kare shi da injin da ke jiran batir ya kare kansa, babu mai tsayar da kowa, sai a zuƙe ƙwayoyin har ƙasa da ƙa'ida, su lalace, caja ta ƙi karɓarsu. Ƙara da cewa injin kwance noti yana cikin kayan da suka fi zuƙar wuta da girgiza, siraran ƙarafunan mahaɗin kan yi zafi su saki. Mahaɗi maganin wucin gadi ne, ba a kafa sana'a a kansa.

Idan aka zo ƙasashenmu, hujjar ta ƙara nauyi, domin abubuwa uku da ba su dami mai saye a Amurka ko Jamus ba suna jiran mai saye a Kano ko Maraɗi. Na farko caja. Wutar Najeriya da Nijar da Gana tsakanin 220V ce zuwa 230V, ta Amurka kuwa 120V, kuma cajojin da aka yi wa kasuwar Amurka galibi ba sa jure wutarmu. Kayan gwanjo da yawa daga can suke zuwa, wanda ya soka irin wannan caja kai tsaye ba tare da taransifoma ba ya ƙona ta nan take, ya koma neman caja ta tsarin da watakila babu mai sayar da ita a garinsu. Na biyu zafi. Littattafan Makita da na DeWalt duk sun hana cajin batir idan zafin wuri ya haura digiri 40, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa zafin watan Afrilu yakan wuce haka a inuwa ma, balle a ƙarƙashin rufin kwano na gareji ko cikin but ɗin motar da ke tsaye a rana. Zafi shi ne babban mai rage wa batirin lithium kwana, don haka batir a nan zai riga na ƙasashen sanyi mutuwa, ranar sauya shi kuma za ta zo da wuri. A nan ne ingancin caja ke nuna kansa: wasu, irin su Makita DC18RC, suna da fanka da ke hura wa batir iska yayin caji, kuma tana cika mai 5.0Ah cikin kimanin minti 45, abin da ke da muhimmanci ga wanda wutar gari ba ta daɗewa a unguwarsa. Manyan kamfanonin suna da cajojin da ke aiki da wutar mota ma, waɗanda za su amfani mai gyaran kan hanya. Na uku shi ne samun batirin kansa. Mai tunanin zai riƙa aike a kawo masa daga Dubai ko Cana ya san cewa jiragen sama suna barin fasinja ya riƙe batir a jakar hannu ne kawai, har zuwa 100Wh ba tare da neman izini ba, daga nan zuwa 160Wh sai da yardar kamfanin jirgin, abin da ya haura haka kuwa ba a ɗauka. Mai 5.0Ah ya tsallake, mai 6.0Ah ya kai 108Wh, mai 12.0Ah ya kai 216Wh. Garantin da aka rubuta a takarda ma sau da yawa a yankin da aka sayi kayan kaɗai yake aiki. Saboda haka inji mafi shahara a bidiyon gwaje-gwajen Amurkawa yana iya zama mafi munin zaɓi ga mutumin da babu dillalin wannan tsarin a kusa da shi.

Masu gyaran batura da ke buɗe akwatin su sauya ƙwayoyi suna taimakawa, amma da sharaɗi. Ƙwayoyin da ake cirowa daga tsofaffin baturan kwamfuta girmansu ɗaya da na kayan aiki, sai dai an yi su ne don sakin wuta a hankali, idan aka saka su a injin kwance noti suna zafi su mutu da wuri, wani lokaci ma su kama wuta. Wanda zai kai gyara ya tambayi irin ƙwayar da za a saka masa.

Mafi ƙarfin suka ga duk wannan bayani ita ce ta aljihu. Yaron da bai daɗe da samun 'yancin kansa daga hannun maigidansa ba, ko mai facin bakin titi, ba shi da kuɗin Milwaukee ko Makita na asali, kuma gaya masa ya jira sai ya tara kamar hana shi ci gaba ne. A nan ya kamata a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa, mai araha da na jabu. Ingco da Total kaya ne na ƙasar Cana masu ɗauke da sunansu na kansu, suna da tsarin batir mai suna P20S, kuma ana samun su a shagunan kayan aiki na biranenmu da dama. Ba na jin akwai mai cewa sun kai manyan kamfanonin juriya a aikin safe zuwa dare, amma idan aka auna su da ma'aunin da wannan rubutu ke karewa, wato samun batir da caja a kusa a kan kuɗin da mai sana'a zai iya biya, suna iya zama zaɓin hankali ga wanda aikinsa ƙananan motoci ne da babura da keke napep. Na jabu kuwa shi ne wanda aka yi wa fentin babban kamfani da sunansa, aka sayar da shi inji da batura biyu da caja a kan kuɗin da bai kai na batir ɗaya na asali ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wasu na kafa hujja da cewa yawancin injinan da ba su da suna sun kwaikwayi bakin LXT na Makita, don haka baturansu sun cika kasuwa kuma suna shiga juna. Haka ne, wannan ma ya ƙara wa tsarin LXT wani amfani, amma shiga baki daban, abin da ke cikin akwatin daban. Ƙwayoyin da ba a san asalinsu ba da allon kariya na jeka-na-yi-ka su ne ke haddasa batir ya kumbura ko ya tashi da wuta a kan caji, a wurin da ake ajiye fetur da baƙin mai.

Ga wanda aikinsa tayoyin tirela ne daga safe zuwa yamma kuma yana da injin iska mai kyau, bindigar iska har yanzu tana da gurbinta: ba ta da batirin da zai tsufa, tana jure ƙura da faɗuwa, gyaranta ba wuya. Ba na ganin hikima a ce ya yar da ita. Mai batir ya fi ta ne wajen aikin da ke zuwa jefi-jefi da aikin fita, inda tayar da janareta don noti biyar asara ce.

Ga bakaniken ƙananan motoci da zai fara daga tushe, hukuncina shi ne ya rubuta kayan aiki uku ko huɗu da yake sa ran saye nan gaba, ya zagaya shagunan garinsu ya ga tsarin 18V da ke da waɗannan kayan kuma ake sayar da batirinsa da cajarsa daban a fiye da shago ɗaya, ya tambayi kuɗin batirin kafin ya tambayi kuɗin injin. A cikin wannan tsarin ya ɗauki matsakaicin inji mai bakin rabin inci, irin wanda ba shi da kabon, mai ƙarfin ɗaurewa 600Nm zuwa 800Nm, da batura biyu masu 4.0Ah ko 5.0Ah domin ɗaya na aiki ɗaya na caji, da caja da aka rubuta wa 220V zuwa 240V a bayanta. Wanda ya riga ya mallaki batura masu lafiya na wani tsari, ya zauna a kansa, sai fa in tsarin ba shi da ajin injin da aikinsa ke bukata. Idan kuɗin bai kai ba, a rage girman injin, kada a rage ingancin batirin, kuma kada a biya sai an saka batirin a inji an kwance notin mota a gaban mai shago.